Christy a Kan Tsani

Jama'ar wannan shafi, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga masu tambaya, "Anti Judit, yaushe za mu ga anko?" Har wata ta ce ta riga ta kama tela. 'Yar'uwa, ki ce wa telanki ya karɓi wani aikin tukuna. Yau raina a ɓace yake, kuma yadda abin ya faru haka zan zayyana muku shi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Judit Zakka, gidanmu yana Angwan Iya a nan Keffi, ina koyar da fiziks a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Ƙofa. Na haura talatin. Ƙanwata Anjelina, wadda na goya da bayana, yanzu ita ma goyo take yi, don haka kun san irin kallon da ake bi na da shi a gida. Saurayina Natan ma'aikaci ne a Abuja, sammako yake yi kullum ya bi motar haya, ya dawo a gajiye. An yi gaisuwar iyaye, an kai kaya. Abu ɗaya ya rage: kwamitin aure na cocinmu ya zauna da mu ya amince, sannan Fasto ya fara sanarwa. In kwamitin nan bai amince ba, rigar amaryarki a akwati za ta tsufa.

Babbar mace a kwamitin ita ce Mama Caroline, shugabar zumuntar mata. Kuma ita ce uwar Christy, ɗalibata.

Ni koyarwa gadonta na yi. Babana ya ƙare ƙuruciyarsa yana malamin firamare a Gitata, a ajin da za ka tarar da ɗan Gwandara da ɗan Fulani da ɗan Mada, kowa da yaren da ya kwana da shi, ga littafi kuma da Turanci. Ɗan Fulani da shanu yake koya masa lissafi, ɗan manomi da kunyar doya. Yakan ce, "Judit, in yaro bai gane ba, kada ki ce kansa ne ya toshe. Ƙofar da kike ƙwanƙwasawa ce ba a nan yake kwana ba. Zagaya." Da wannan na shiga aji. Ina rubuta tsarin darasi saboda Firinsifal yana dubawa, amma da zarar na ga idanun yara sun yi fari-fari kamar na kifin da ya kwana a tire, sai in ajiye takardar in nemi wata dabara. Na koyar da sauri da nisa da okada, na koyar da zafi da tukunyar mai kunu. Sai doka ta biyu, wadda ni na ƙara da kaina: ba na zaɓar wa yaro rayuwarsa. In nuna masa hanyoyi, in tambaye shi me ya gani, in yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, don mu malamai muna son jin muryarmu.

Christy tana aji huɗu, ɓangaren kimiyya. Can baya take zama kusa da taga, yunifom a goge ƙal, safa fara, ba ka jin ko tarinta. Tun tana cikin zanen goyo uwarta take kiranta Dokta, har a coci Dokta Christy ake ce mata. Doktar nan kuwa, ranar da aka feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji, sai da aka fitar da ita tana amai. Kemistiri kuka take sa ta. Malamai sun gama yanke mata hukunci a ofis: yarinya mai ladabi, amma kai babu.

Wata rana da aka ɗauke wuta na shigo aji da batir da guntayen waya da ƙwayayen tocila a leda. Ban gama bayani ba sai na ga haske daga can baya. Christy ta haɗa nata. Ta ɗago hannu, abin da ban taɓa gani ba.

"Anti, me ya sa in na jera su a layi ɗaya, ɗaya ya mutu sai duk su mutu?"

"Ke me kika gani?"

Ta shiga juya wayar. Can sai ta warware, ta raba wa kowane ƙwai hanyarsa, ta cire ɗaya, sauran suka ci gaba da ci. Babu wanda ya koya mata. Kafin zangon ya ƙare ta gyara soket ɗin ofishinmu da ya shekara yana tartsatsi, kuma makinta a fiziks ya sa malamin kemistiri ya ce in sake dubawa ko na yi kuskure.

Ita ta same ni a lokacin tara, tana murza gefen siket.

"Anti, akwai macen da ke cin abinci da wannan aikin?"

Akwai mana. Omolara, ƙawata tun sakandare, 'yar Baba Rasaki mai gyaran wayar mota, ita ke sa wa rabin masu shagunan garin nan sola. Na kira Mama Caroline da kaina na ce ina so in kai Christy ta ga aikin sola ranar Asabar. Ta ce, "Ai duk kimiyya ce, ku je, Ubangiji ya yi albarka." Muka je. Omolara ta ba ta rigar aiki da hular kwano, ta nuna mata abu biyu, ta koma gefe tana kallo. Can ta matso ta ce mini, "Judit, yarinyar nan tana da hannu o. Ka ba ni ita shekara biyu, ni zan riƙa tambayarta." Haka Hausar Omolara take, kowa namiji ne a wurinta.

Daga nan Christy ta hau tsani don miƙa waya saman rufi. Tana can sama tana dariya, haƙora duk a waje, wata baiwar Allah da ke wucewa a keke ta ɗauki hoto. Kafin mu iso gida hoton yana cikin guruf ɗin zumuntar mata, da rubutu a ƙasa: "Ashe Doktarmu ta fara tiyata a kan kwano." Aka yi ta jera fuskokin dariya. Matan da ke waƙar ƙaunar juna kowace Alhamis ke nan.

Ranar kuma Christy ta zaɓa ta gaya wa uwarta tana so a mayar da ita kwalejin fasaha ta koyi aikin wuta.

Ran Laraba da yamma ina tsakar gida ina gyaran karkashi, sai ga Mama Caroline. Leshi ruwan goro, ɗaurin kai kamar zai taɓa saman ƙofa, turarenta ya riga ta shiga falo. Mamana ta rikice, ta cire rigunan kujerun da muke zama a kai ta shimfiɗa na baƙi, ta aika a sayo maltina mai sanyi. Baba yana kujerarsa ta kullum da rediyo a kunne.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kalandar bango.

"Judit, ni na riƙe ki ranar baftismarki, ko kin manta?"

"Ban manta ba, Mama."

"To me na yi miki? Na ba ki 'ya ki koya mata karatu, kin mayar mini da ita lebura. Duk garin nan an ga 'yata a kan tsani da wando."

"Mama, na gaya muku inda za mu."

"Kin ce mini tsani? Kin ce mini za ta dawo tana cewa ba ta son likita?"

"Ban ce ta bar komai ba. Tambayata ta yi, na nuna mata. Mama, da kun ga yadda take a aji yanzu..."

"Ba na son gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni na haife ta, ni zan tanƙwara." Ta ajiye kwalbar ba ta ko kurɓa ba. "Na yi faɗa, na yi addu'a, ubanta ya yi magana, yarinyar nan ta toshe kunne. Kome aka ce sai ta ce Anti Judit ta ce ta yi tunani da kanta. Tunda maganarki kaɗai take ji, ke za ki gaya mata kin yi kuskure, ta zauna inda take. Magana ɗaya ce."

Ta miƙe tana gyara gyale. A bakin ƙofa ta juyo, murya a sanyaye kamar mai ba da shawara.

"Ran Lahadi ne zamanku da kwamiti ko? Kin san muna duba hali. Macen da ke raba 'ya da uwarta, sai mun yi addu'a sosai kafin mu ce ta shirya riƙe gida."

Ko ƙarar motarta ba ta ɓace ba Mamana ta rufe ni.

"Kin ji ko? Kin ji abin da iyayinki ya jawo? 'Yarki ce? Ke kika yi naƙudarta?"

"Mama, yarinyar nan in aka bar ta a can, faɗuwa za ta yi."

"Ta faɗi mana! Uwarta na da kuɗin sake mata jarrabawa. Ke in kika faɗi wa zai sake miki? Natan nawa ne suke layi a ƙofar gidan nan? Na gaji da amsa tambaya a kasuwa, Judit. Na gaji da cin shinkafar bikin 'ya'yan wasu."

Idonta ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi zagin yi mini ciwo. Na juya wurin mutumin da ya ɗora ni a kan wannan hanya.

"Baba, ba ku ce komai ba."

Ya rage muryar rediyo, ya dube ni, ya dubi Mama. Sannan ya ce, "Judit, ni fa na yi ritaya." Ya mayar da rediyonsa kunne.

Jama'a, na yi dariya. Dariyar da in ba ka yi ta ba kuka za ka yi. Mutumin da ya cika mini kunne da zagaya, zagaya, yau da aka zo ƙofar gidansa shi ma ya zagaye ni.

Natan bai kira ba, saƙo ya turo. Ashe Mama Caroline ta riga ta biya ta wurin mahaifiyarsa.

"Bebi, na ji abin da ya faru. Ki kwantar da hankali."

"Hankalina a kwance yake."

"To ki yi wa yarinyar magana kawai mu wuce wurin."

"In ce mata me?"

"Abin da uwarta take so. Ba ke kike cewa malamin kirki yana canzawa da yanayi ba? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Ku gane, abin da ya sa na so Natan ke nan tun farko. Shi kaɗai ne namijin da na taɓa ba labarin ajina bai duba agogo ba. Yakan zauna a benci a ƙofar gidanmu, takalmi duk ƙurar hanya, ya ce, "Yau wace dabara kika yi musu?" Ashe yana adana maganganuna ne don ranar da zai buƙaci sanda.

Na rubuta: "Dabara nake canzawa, Natan. Ba na yi wa yaro ƙarya a kan abin da Allah ya ba shi."

"Wa ya ce ƙarya? Likita mugun abu ne?"

"Ga wadda jini ke sa ta amai?"

"Za ta saba. Kowa da haka ya saba. Ni kina ganin aikin da nake yi shi na yi mafarki?"

"Shi ya sa kullum kake dawowa kamar an yi maka duka."

Na san na wuce gona da iri. Ya karanta. Can sai ga shi: "Na kama ɗaki, na biya mai hoto, 'yan'uwana sun sa rana a ransu. Duk wannan bai kai 'yar wani ba a wurinki. Na gode." Ya bi da hoton zuciya a karye, namiji da gemunsa.

Ban yi wa Christy maganar ba. Alhamis da Juma'a na shiga ajinsu na koyar da abin da ke gabana. Tana ta satar kallona, fuska a kumbure, ni kuma na kasa haɗa ido da ita. Ban ce ta zauna ba, ban ce ta tafi ba. Na ce wa kaina wannan shi ne shirun da na saba yi, amma a raina na san tsoro ne.

Ran Asabar muka je ɗaukar hoton kafin aure, tunda an riga an biya. Natan ya zo da fara'arsa kamar ba a yi komai ba, har da tsire a takarda. Muka fara da atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, shi riga da wando, ni doguwar riga mai tattara a ƙugu. Mai hoto yana ta "Anti, ɗan jingina, ɗan murmusa." Na murmusa har kumatuna suka gaji. Da zan shiga canza kaya zuwa farin leshi, Natan ya miƙo hannu.

"Kawo jakar da wayar in riƙe miki, kada hoda ta ɓata su."

Na ce a raina, ka ga ɗan halak, ya huce. Na miƙa masa. Lambar buɗe wayata kuwa ya san ta tun bara.

Yau Lahadi bayan sujada aka kira mu ofishin Fasto. Na sa atamfata mai ruwan ƙasa da ɗankwali, ba jan baki, don kada a ce. Dattawa uku, Fasto, da Mama Caroline a gefe da Littafi a cinya. Na shirya jin an ce a ɗaga zama sai an ƙara addu'a. Aka tambaye mu sakamakon gwajin jini, aka tambayi Natan ko zai iya riƙe gida, aka tambaye ni ma'anar biyayya. Da aka zo kan Mama Caroline sai ta yi murmushi har kunne.

"Ni ba ni da tambaya. Judit 'yata ce, yarinya mai jin magana."

Aka yi addu'a, aka ce Lahadi mai zuwa za a fara sanarwa. A waje ta rungume ni, turarenta ya cika mini hanci, ta raɗa mini, "Na gode, kin fid da ni kunya. Ubangiji ya ba ki masu yi miki biyayya." Na dubi Natan. Yana can yana gaisawa da dattawa da hannu biyu, ya ƙi waiwayowa.

Na ce ko Allah ne ya taɓa zuciyarta. Haka muke, in abu ya zo mana da daɗi ba ma son tambayar ta inda ya biyo.

A gida Mamana ta rangaɗa guɗa tun daga zaure. Anjelina ta zo da yaranta, an ɗora shinkafa, an yanka zakaran da ake ta yi wa tanadin Kirsimeti. Har Baba ya kashe rediyo. Na shiga ɗaki in cire ɗankwali, na kunna data. Saƙo ya shigo daga Christy, a 'yar wayar da yayanta ya bar mata don aikin gida.

Amsa ce ta yi a kan wani saƙo, ta jawo shi sama yadda ake yi. Saƙon daga gare ni yake. A wayata babu shi, an goge, amma ga shi a jikin amsarta:

"Christy, na yi tunani. Kuskure na yi. Aikin waya ba naki ba ne, na faɗa ne kawai don in ƙarfafa ki. Ki bi maganar Mama."

Jiya da rana aka tura shi, lokacin da nake fama da zif ɗin farin leshi. A ƙasa ta rubuta: "To Anti."

Na zauna a bakin gado. Na kira Natan, bugu ɗaya ya ɗauka, da alama jira yake.

"Kai ne?"

"Bebi, saurara..."

"Kai ne, Natan?"

"Ni ne. Na ga kin kasa, na taimake ki. Yanzu ba ga shi komai ya daidaita ba? Hannunki bai taɓa ba, bakinki bai faɗa ba. In akwai zunubi, nawa ne."

"Da sunana ka gaya wa yarinya cewa ƙarya nake yi mata."

"Yarinya ce, nan da wata biyu ta manta. Mu kuwa rayuwarmu ce. Kuma ki ji, kada ki je ki ce za ki warware. In Mama Caroline ta ji ba ke ba ce, ba sanarwa kaɗai za a fasa ba, ni za a kira gaban dattawa. Za ki so a tozarta mijinki?"

Mijina. Ko zobe bai sa mini ba ya fara magana da bakina. Na katse kiran. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya san inda zai soka. Cewa ya yi ban taɓa yarda da ita ba, alhali ni kaɗai ce na taɓa yarda da ita.

Mama ta turo ƙofa da ƙyallaye biyu a hannu, fuskarta tana sheƙi yadda na daɗe ban gani ba.

"Amarya, wanne za a yi anko, ruwan hoda ko kore? Anjelina ta ce kore. Me ya samu idonki?"

"Hayaƙi ne, Mama."

"To fito, mutane na jira su yi miki murna."

Ta fita tana waƙar godiya. In na faɗi gaskiya gobe, wannan waƙar zan katse, a gaban duk garin da aka riga aka buga wa waya. In na yi shiru, ranar Lahadi za a kira sunana a coci a yi tafi, Christy kuma tana zaune a layin 'yan mata tana ji.

Wayar ta sake motsi a cinyata. Christy ce. Na buɗe kafin in yi tunani, alamar na karanta ta riga ta koma shuɗiya a wurinta.

"Anti, ba fushi nake ba. Na gaya wa Mama zan zauna. Abu ɗaya kawai nake so in sani, kuma ina so in ji da bakinki gobe kafin asembli. Duk lokacin da kike cewa ina da ƙwaƙwalwa, da gaske kike, ko tausayina kike ji?"